Ƙaramin babur ɗin tsere: abin da ya kamata a duba kafin a biya kuɗi, da yadda ake hawansa

A titunan Yamai, Maraɗi da Damagaram, a tsakanin Kasea, Haojue da Boxer na ƴan kabu-kabu, yanzu ana ganin wani irin babur mai tsinin hanci, wanda aka lulluɓe injinsa da roba mai sheƙi, mahayinsa kuma ya duƙa kan tanki kamar mai sukuwar doki. Matasa na kiransa "sport". Yawancin waɗanda ke shigowa yankinmu ƙanana ne, masu inji daga cc 125 zuwa 400, kuma an ƙera su ne domin wata irin hanya, wani irin mai da wani irin gyara. Mai son saye ya kamata ya fara tambayar kansa ko yana da waɗannan ukun a garin da yake zaune.

Girman injin ba ya faɗin komai shi kaɗai. Yamaha YZF-R125, wanda ya fito a 2008, injinsa cc 125 ne kamar na baburan da muka saba da su, amma yana ba da ƙarfin doki 15, wato iyakar abin da dokar ƙasashen Tarayyar Turai ta yarda mai lasisin farko ya hau. Boxer mai cc 100 bai kai doki 9 ba. Daga nan sai a hau zuwa Yamaha R15 da Bajaj Pulsar da TVS Apache, duk ƴan Indiya, sannan Yamaha R3 mai cc 321, KTM RC 390 da kamfanin Bajaj ke haɗawa kusa da birnin Pune, da Kawasaki Ninja 400 na 2018, wanda ya haura doki 40 kuma nauyinsa ya kai kilo 168 da mai a ciki. A idon Bature wannan ƙaramin babur ne na koyo. A hannun wanda bai taɓa hawan abin da ya wuce Kasea ba, ya ninka ƙarfin da ya sani sau huɗu ko biyar.

A ganina, wanda zai fara bai kamata ya wuce cc 150 ko 200 ba. Babur mara nauyi yana yafe kuskure: idan ya karkata a tsaye za ka iya tare shi da ƙafa, idan ka murɗa totur fiye da kima ba zai fizge daga ƙarƙashinka ba. Kafin a yi ciniki a hau a zauna. Kujerar R3 na da tsayin santimita 78, ta RC 390 kuma ta haura 82, kuma waɗannan santimita huɗun su ne bambancin wanda ke taka ƙasa da tafin ƙafa da wanda ke ɗage a kan ƴan yatsu a cikin yashin ƙofar gidansu.

Sai maganar hanya, wadda ita ce uwa. Cikin Ninja 400 na nesa da ƙasa da santimita 14 kacal. Tayoyinsa masu inci 17 ne, masu santsin baya, an yi su domin su manne wa kwalta mai kyau. Ƙafafunsa na zubi ne, ba masu wayoyi ba. Ƙafa mai wayoyi idan ta faɗa rami takan lanƙwashe a miƙe ta, ta zubi kuwa tana iya tsagewa, kuma ba kowane mai walda ke iya ɗinke ta yadda za a amince da ita ba. Wanda zirga-zirgarsa daga gida zuwa wurin aiki ce a kan kwalta zai ji daɗinsa. Wanda ke zuwa ƙauye kowane mako ta hanyar burji ko rairayi, ya nemi babur mai dogayen ƙafafu, ya bar wannan. Haka ma mai iyali: kujerar baya ƴar ƙarama ce, a sama take, ba wurin ɗaura buhu, ba wurin da uwargida za ta zauna da goyo.

Abu na biyu da ake yawan mantawa shi ne mai. Tsofaffin babura na amfani da kafireta, wadda kowane bakanike zai kwance a gindin bishiya, ya wanke, ya mayar cikin rabin awa. Yawancin na tseren zamani injekta gare su: akwai ɗan famfo a cikin tanki da ke tura mai ta wasu ramuka ƙanana ƙwarai, kuma ƙaramar kwamfuta ce ke auna yawansa. Wannan tsari na rage shan mai, yana kuma sa babur tashi da bugu ɗaya ko a sanyin hunturu. Amma ba ya jure datti ko ruwa a cikin mai. Man kwalba na ƴan ruwa-ruwa, wanda ya sha rana da ƙura a bakin titi, ya bi ta jarka uku kafin ya iso, shi ne babban abokin gabansa. In famfon ya mutu, babur ya zama kayan ado har sai an kawo wani daga Kano ko Lome. Saboda haka kafin a sayi babur, a fara neman bakaniken da ya taɓa buɗe irinsa, a kuma zaga kasuwa a tambayi takalmin birki, sarƙa, matatar mai da taya. Abin da aka kasa samu ranar da ba a buƙatarsa, ba za a same shi ranar da aka matsu ba. A nan ƴan Indiya sun fi ƴan Japan da Turai sauƙi nesa ba kusa ba.

Da yawansu kuma ruwa ke sanyaya injinsu, suna da lagireto da fanka. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wannan alheri ne muddin ana kula da shi. Ƙura kan toshe lagireto, ruwan rijiya kuma kan bar gishiri a cikin bututunsa, don haka ruwan sanyaya inji na musamman ake zubawa. Matatar iska da littafin kamfani ya ce a duba bayan dubban kilomita, a lokacin hazo sai an duba ta kusan kowane mako biyu. Sarƙa ma haka: man da aka lafta mata idan ya haɗu da yashi sai ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya cinye haƙoran cikin ƴan watanni. A wanke ta tukuna, sannan a shafa mai kaɗan.

In na hannu ne, a je da sassafe a tayar da shi inji na sanyi, domin mai sayarwa da ya ɗumama shi kafin ka iso wataƙila yana ɓoye wani abu. Shuɗin hayaƙi alama ce ta inji mai shan baƙin mai. Ƙujewa a bakin maƙallan hannu da matakan ƙafa na nuna ya taɓa faɗuwa, ko da an sake masa sabuwar roba. A gwada lambar da ke jikin ƙarfensa da wadda ke cikin takardar mallaka da ta duwan. A kuma san dokar yankin da ake: an taɓa haramta hawan babur a jihar Diffa daga 2015 da wasu sassan Tillaberi daga 2020 saboda matsalar tsaro.

Hawan kansa yana da nasa ilimin. Mai koyo yakan jibge nauyinsa a kan hannuwa, sai wuyan hannu ya yi tsami, kan babur kuma ya ƙi juyawa. Gwiwoyi ne ke riƙe tanki, ciki da baya su ɗauki jiki, gwiwar hannu ta zauna a sake. Ido ya kalli inda ake son zuwa, domin babur na bin ido: wanda ya ƙura wa rami ido, cikin ramin zai faɗa. A rage gudu kafin a shiga kwana, ba a tsakiyarta ba.

Birki shi ne inda al'adarmu ta fi saɓawa da wannan babur. Yawancinmu mun koyi hawa da taka na baya kawai, har ana tsoratar da yara cewa na gaba kayarwa yake. A kan kwalta, na gaba ne ke yin kusan kashi 70 cikin 100 na aikin tsayarwa, saboda nauyi na komawa gaba idan aka rage gudu. Sai dai birkin faifai na waɗannan babura na da kaifi, ana matsa shi ne a hankali da farko sannan a ƙara, ba a damƙe shi gaba ɗaya. A cikin yashi kuwa lissafin ya juye: a sassauta na gaba, a dogara da na baya, a riƙe totur daidai. Matsalar garuruwanmu ita ce kwalta da yashi a haɗe suke, musamman a gefen titi da shataletale, inda iska ke shimfiɗa rairayi siriri da ido bai cika gani ba. Shi ya sa in akwai hali a zaɓi mai na'urar ABS, wadda ke hana taya ƙullewa. A Turai ta zama dole ga sababbin baburan da suka haura cc 125 tun 2016. A nemi fili babu mutane a yi ta gwajin tsayawar gaggawa har hannu ya saba.

Gudu kuma lissafi ne da kowane ɗalibin sakandare zai iya yi. Mai tafiyar kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kafin ma yatsansa ya taɓa birki. In gudu ya ninka biyu, nisan da ake buƙata a tsaya yakan ninka huɗu. A kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, abin da ke fitowa daga bayan bishiya akuya ce, ko amalanken jaki mara fitila da magariba, ko yaro a guje.

Kuɗin hular kwano cikin kuɗin babur yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sanya ta yadda ya dace na rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, na raunin kai kuma da kashi 69. A nemi mai rufe haɓa, mai alamar ECE 22.05 ko 22.06 a jikin igiyarta, a kuma ɗaure igiyar, domin hular da ba a ɗaure ba takan riga mai ita isa ƙasa. A ƙara da safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu. Babbar riga da doguwar jallabiya kuwa, ranar Juma'a ko ta biki, a tattare su sosai a ƙarƙashin cinya, ko a ninke su a jaka sai an isa, domin sarƙar wannan babur a buɗe take kuma ba ta da nisa da gefen riga.