Giyar da aka raba da sunanta: labarin Friulano

Ga rubutaccen shirin wannan mako ga waɗanda ba su samu sauraro ba.

Yau Italiya za mu leƙa, kuma maganar giyar inabi za mu yi. Kafin wani ya ce "a'a, me ya kai ka?", ni dai ba mashayi ba ne, ba kuma talla nake yi ba. Tun ina jami'a na ci karo da labarin nan a darasin dokar kasuwanci, har yau bai bar raina ba.

A arewa maso gabashin Italiya akwai yankin Friuli, ya yi iyaka da Ostiriya ta arewa, da Sulobeniya ta gabas, tekun Adriyatik kuma na kudu da shi. Sanyi na gangarowa daga duwatsun Alps, ɗumi na tasowa daga teku, su haɗu a kan tuddan Collio. Ƙasar tuddan wani dutse ne mai saurin marmashewa da suke kira ponca. A nan suke noman wani farin inabi, giyarsa kuma sunanta Tocai tun zamanin kakanni.

To me ake ci da ita? Ai su Italiyawa ba sa raba giya da abincin garin da ta fito. Ita wannan ba ta da zaƙi, tana da ɗan tsami, masu sha kuma sun ce takan bar ɗan ɗaci a ƙarshe. Shi ya sa suke haɗa ta da abinci mai gishiri da maiƙo. Na farko shi ne busasshen naman cinyar alade na garin San Daniele, wanda ake yankawa siriri kamar takarda. Sai frico, wato cukun Montasio da dankalin Turawa da ake soyawa har bayansa ya yi ƙamas. A bakin teku kuwa, wajen Grado, da kifi ake sha. Hikimar dai irin ta mai tsire ce da ke yanka maka tumatir da albasa: tsamin ne ke kashe maiƙon, bakinka ya sake son wani yankan.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. A ƙasar Hungary akwai wani yanki mai suna Tokaj, ya shahara da giya mai zaƙi. Inabin daban ne, ɗanɗanon ma daban, sunan ne kawai ya yi kama. A 1993 Tarayyar Turai ta ƙulla yarjejeniya da Hungary cewa sunan nasu ne. Mutanen Friuli suka garzaya kotu, amma a 2005 Kotun Turai ta yanke hukuncin da bai yi musu daɗi ba. Dalili? Tokaj sunan wuri ne a taswira, Tocai kuwa sunan irin inabi ne kawai, kuma doka ta fi kare sunan wuri. Wa'adin da aka ba su ya ƙare a 2007, daga nan giyar ta koma Friulano. Ka yi tunanin manomin da ya gaji gona da suna, rana ɗaya a ce ya sake gabatar da kansa ga masu saye. Maƙwabtansu na Sulobeniya da abin ya shafa, wasunsu juya kalmar suka yi ta koma Jakot, wato Tokaj daga baya.

Italiyawa kuma sun ɗau darasi. A 2009 suka mayar da sunan inabin Prosecco zuwa Glera, suka ɗaure kalmar Prosecco da yanki, har da ƙauyen da ke da wannan suna kusa da Trieste, don kada wani ya yi amfani da ita a kasuwar Turai.

Abin da ya sa na kawo labarin ke nan: daɗewa kana amfani da suna ba lallai ne ya sa ya zama naka a gaban kotu ba. Idan gobe wani kamfani a waje ya buga "kilishi" a ledarsa, wace takarda muke da ita? Ku ajiye min ra'ayinku a ƙasa, musamman ku ɗaliban lauya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.