Ƙwadago, Ƙwaya da Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya san ƙasar Rano da Kibiya a tsakiyar damina, sa'ad da ciyawa ke tsere da fartanya, ya san cewa wasu samari ba don nishaɗi suke fara haɗiyar tramol ba, sai don su gama kunyoyin da suka yi jinga kafin azahar ba tare da bayansu ya ƙage ba. Amma kaka takan wuce, aiki ya ƙare, ƙwayar kuwa ta ƙi sakinsu. Abin da iyaye ke tambaya cikin takaici, wato dalilin da ya sa mai hankali ke komawa ga abin da ya tabbata yana halaka shi, shi ne mas'alar da wasu malaman ilimin ƙwaƙwalwa suka ƙarar da rayuwarsu a kanta.

A 1954, a Jami'ar McGill ta Kanada, James Olds da Peter Milner suka dasa siririyar waya cikin ƙwaƙwalwar ɓera, suka ajiye masa abin takawa mai aika ɗan lantarki wurin, ɓeran kuwa ya dinga takawa ba ƙaƙƙautawa. Bayan haka aka gane sinadarin dofamin yana da hannu a lamarin, aka kuma daɗe ana zaton shi ne asalin lazza, har Kent Berridge na Jami'ar Mishigan ya zuba wa fuskar ɓeraye ido. Waɗanda aka raba da dofamin, in an ɗiga musu ruwan sukari a harshe, suna lashe baki kamar kowane ɓera, alhali ko abinci na gabansu ba sa motsawa su ci. Ashe kwaɗayi daban, lazza daban. A 1993 Berridge da Terry Robinson suka kafa hujja cewa yawan shan ƙwaya yana wasa kaifin kwaɗayin nan ko da daɗin ya dusashe, har ganin tsohuwar majalisa ko ƙofar kemis kaɗai kan tayar da jarabar bayan shekaru.

Saboda haka nake ganin mari da bulala ba su isa magani ba, domin azaba ba ta kankare abin da ƙwaƙwalwa ta haddace. Hasali ma haramcin giya a Musulunci a hankali ya sauka, mataki bayan mataki.

Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya sun kai miliyan 14.3, a shekarar ne kuma aka hana maganin tari mai kodin. Fagen ilimin ƙwaƙwalwa yana buƙatar namu, hanyar kuwa ba a toshe take ba, tun da Mahmoud Bukar Maina, ɗan Yobe da ya yi zurfi a ilimin ƙwaƙwalwa a Jami'ar Sussex ta Ingila, ya kafa cibiyar bincike a Damaturu. Ɗalibin Rano ko Kibiya da ya bi ta Jami'ar Bayero zai iya fara bincikensa daga gonar gidansu: me tramol ke yi wa ƙwaƙwalwar da ta fara saninsa cikin yunwa, gajiya da zafin rana?