Fushin Mai Ƙuri'a da Dokar Bindiga ta 1959

Ranar 19 ga Agustan 2025, 'yan bindiga suka faɗa wa masallacin Unguwar Mantau da ke ƙaramar hukumar Malumfashi a jihar Katsina ana tsakiyar sallar asuba, suka buɗe wuta, suka kashe gwamman masallata. Ga manomin rani a garin Turawa na ƙasar Ƙaraye, bakin madatsar ruwa ta Challawa, ko mai gonar rake a ƙasar Rogo, wannan labarin maƙwabta ne. Ƙaraye da Rogo a bakin iyakar jihar Kano suke: ka yi yamma kaɗan ka faɗa jihar Katsina, Rogo kuma ta jingina da Kaduna. Kafin shekarar ta ƙare hare-haren sun tsallako Kano ta Shanono da Tsanyawa. Abin da kan biyo bayan irin wannan kisa kowa ya haddace shi. Wani ɗan majalisa ya miƙe da ƙudurin gaggawa, a yi shiru na minti ɗaya, a yi kira ga jami'an tsaro su ƙara ƙaimi, a tura tawagar jaje da buhunan shinkafa, sai kuma wani jiƙon. Mutane sun gaji da wannan, kuma gajiyar tana fitowa a teburin mai shayi da shirye-shiryen rediyo da Facebook. Fushin yana kan gaskiya. Matsalarsa ita ce har yau bai jawo wa 'yan majalisa wata asarar da za ta sa su sauya hali ba, domin ba a ɗaure shi da wata buƙata guda da za a iya cewa an biya ko ba a biya ba.

Tsarin mulkin 1999 ya sa makamai da harsasai da abubuwan fashewa cikin jerin lamuran da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Gwamnan Kano ba shi da ta cewa, majalisar jiha ma haka. Wato duk jama'ar Ƙaraye da Rogo, hannunsu a wannan batu shi ne wakili ɗaya cikin 360 da sanatan Kano ta Kudu ɗaya cikin 109. Dokar da waɗannan mutane suka gada ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda Turawan mulkin mallaka suka bari shekara guda kafin 'yancin kai. Ta kasa bindigogi kashi uku: manyan makamai da sai da izinin shugaban ƙasa, bindigogin farauta da na kare kai da Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba wa lasisi, sai bindigar toka da ake neman izininta wajen kwamishinan 'yan sanda. An rubuta ta ne domin mafarauci da ɗan kasuwa mai tsoron ɓarawo, a lokacin da ba wanda ya yi mafarkin samari ɗari a kan babura kowanne da AK-47. Dokar soja ta 1984 kan fashi da makami ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ko tarar Naira 20,000, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba izini. A 1984 wannan tara dukiya ce. Yau ko buhun taki ba za ta saya ba.

Masu kare majalisa za su ce ai an yi wani abu, kuma ba ƙarya suka yi ba. A 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar hana bazuwar ƙananan makamai, wadda ta ba da gindin zama ga cibiyar da Buhari ya kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa. Amma a duba kwanan wata. Yarjejeniyar ECOWAS da ta wajabta wa kowace ƙasa kafa hukumar kula da ƙananan makamai, a Abuja aka sa mata hannu a 2006. Shekara 18 ƙudirin yana shiga majalisa yana mutuwa da ƙarewar zango, kuma a cikin waɗannan shekaru ne aka kifar da Gaddafi a 2011 makaman Libiya suka fantsamu cikin Sahel, satar shanu a Zamfara ta rikiɗe ta zama fashin daji, aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020. Wanda ya ce aikin doka dole ne ya ɗauki lokaci, mutanen Ƙaraye sun fi kowa sanin amsarsa. Cikin 'yan kwanaki majalisar jihar Kano ta ƙirƙiro masarautarsu a Mayun 2019, cikin 'yan kwanaki kuma ta rushe ta a Mayun 2024. A wannan watan dai Majalisar Tarayya ta sauya taken ƙasa cikin kusan mako guda, aka sa hannu ranar 29 ga wata. Ashe ƙafar tana da sauri in ta ga inda take son zuwa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne wanda ake ji daga bakin talakawa kansu: ɗan bindiga bai taɓa neman lasisi ba, to ina ruwansa da doka? A nan ne batunmu ya rabu da na Amurka, inda aka fi jin wannan muhawara. Can, maharin yakan sayi makaminsa a kanti da takarda, shi ya sa bayan kisan yara 20 da manya 6 a makarantar Sandy Hook a 2012 rikicin ya koma kan tantance mai saye, ƙudirin tantancewar kuma ya faɗi a majalisar dattawan ƙasar a 2013 duk da goyon bayan mafi yawan jama'a. New Zealand ma da ta haramta manyan bindigogi ƙasa da wata guda bayan kashe masallata 51 a Christchurch a 2019, kantuna da masu lasisi ta rufe wa ƙofa. Mu kuwa ƙiyasin cibiyar Small Arms Survey na 2017 ya ce bindigogi sama da miliyan 6 ne a hannun farar hula a Najeriya, kuma kusan duka ba su taɓa shiga rajista ba. Don haka kwafo dokar waje ba zai tsinana komai ba. Sai dai kowace bindiga tana da hanyar da ta biyo kafin ta isa daji, kuma hanyoyin nan ba gaibu ba ne. Rahoton ƙungiyar Conflict Armament Research na 2020 ya bi sawun makaman da aka kama a Zamfara da Katsina da Kaduna, ya tarar wasu daga rumbunan Libiya suke, wasu an shigo da su daga Turkiyya ta tashar ruwan Legas, wasu kuma daga ma'ajiyar jami'an tsaron Najeriya suka fito. A Yulin 2024 kwastam ta nuna bindigogi 844 da harsasai 112,500 da ta kama a kwantena ɗaya a tashar Onne. Abin da ya fi tayar da hankali yana cikin rahoton Odita Janar na tarayya na 2019: ya zuwa Disambar 2018 an kasa ba da bahasin makamai 178,459 na rundunar 'yan sanda, daga ciki 88,078 AK-47 ne. Rundunar ta yi jayayya da yadda aka fassara alƙaluman, amma jayayyar ma ai hujja ce ta a zauna a ƙirga.

To ƙirgar nan aikin majalisa ce kai tsaye. Sashe na 88 da na 89 na tsarin mulki sun ba ta ikon binciken duk hukumar da take ware wa kuɗi, ta kira shugabanta, ta sa a kawo takardu. Ita ke amincewa da kasafin 'yan sanda da soja da kwastam kowace shekara, kuma babu abin da ya hana ta cewa ba za a saki kuɗin sayen sabon makami ba sai an kawo lissafin tsoho, da lambar kowace bindiga da sunan wanda ya sa hannu ya karɓa. Sai a Fabrairun 2025 kwamitin majalisar dattawa ya zaunar da Sufeto Janar kan bindigogi 3,907 da rahoton Odita Janar ya ambata, shekaru bayan fitowarsa. Amma a Afrilun 2022 majalisar dattawa ta amince da ɗaurin shekara 15 ga wanda ya biya kuɗin fansa. Mutumin da ya sayar da gonarsa don ya karɓo matarsa ya ga an yi saurin yi masa tanadin kurkuku, wanda aka kama da bindiga ba izini kuwa yana nan da tararsa ta 1984. An bar jaki ana dukan taiki.

Me ya sa shirun ba ya cin kowa? Dalili na farko yana wajen mai ƙuri'a. Shekara da shekaru ana auna ɗan majalisa da rijiyar burtsatse, da babura, da kujerar Makka, da takardar ɗaukar aiki, da zuwa ta'aziyya da ambulan. Talauci ne ya kawo haka, kuma ba a zargin mai yunwa don ya karɓi taliya ranar zaɓe. Amma sakamakon shi ne wakilin da ya kwana a kwamitin 'yan sanda yana bin diddigin ma'ajiyar makamai ba shi da abin nunawa a gida, wanda ya raba keken ɗinki yana da hoto. Ƙari a kan haka, majalisa ba ta cika kaɗa ƙuri'a da suna ba. Da murya ake amsawa, shugaba ya buga guduma. Mutumin Turawa ba shi da inda zai duba ya ga wakilinsa ya goyi baya ko ya ƙi, ko ma yana zauren ranar.

Saboda haka fushin yake bin hanyoyin da ba sa isa ko'ina. Ɗaya ita ce ƙaurace wa akwati. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003 kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista suka fito, a 2015 ƙasa da 44, a 2023 kimanin 27. Kowane mai fushi da ya zauna a gida ya rage wa mai sayen ƙuri'a tsada ne. Wata hanyar ita ce kayar da mai ci, kuma ana yi: fiye da rabin 'yan Majalisar Tarayya ba su koma ba a 2023, guguwar NNPP ta share kujeru da dama a Kano. Sai dai wanda ya faɗi ya san jam'iyya ko uban gida ne ya kayar da shi, wanda ya hau ma ya san su ne suka ɗora shi, babu ɗayansu da ya ji cewa batun makamai ne ya taɓa shi. Kiranye kuma yana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓa, a ƙasar da kashi ɗaya cikin huɗu ke fita zaɓe, shi ya sa bai taɓa yin nasara a kan ɗan Majalisar Tarayya ba.

Hanya ta uku ita ce mafi haɗari, kuma ita ce ke ƙara samun karɓuwa: a ba mu bindiga mu kare kanmu. Gwamnoni ma sun faɗa. Masari ya shawarci mutanen Katsina su nemi makami a 2021, Matawalle ya umarci a ba 'yan Zamfara lasisi a Yunin 2022, alhali tsarin mulki bai ba gwamna wannan iko ba, kuma a 2023 Sufeto Janar ya dakatar da bayar da lasisin gaba ɗaya. Wanda ya binne ɗan'uwansa ba za a yi masa wa'azin haƙuri ba, kuma gaskiya ne akwai garuruwan da 'yan sa-kai suka hana a tashe su. Amma tarihin Zamfara yana nan: kisan gillar da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni yana cikin abin da ya hura wutar ramuwar gayya, harin Unguwar Mantau kansa hukumomin Katsina sun ce ramuwa ce kan kwanton ɓaunar da mutanen gari suka yi wa maharan. A yanki irin Ƙaraye da Rogo, inda manomi da makiyayi ke shan ruwan Challawa ɗaya, kuma kowace kaka sai an yi cacar baki kan burtali da ɓarnar amfanin gona, bindigar da aka saya don ɗan fashin daji ba ta san iyakar aikinta ba. Katsina ta ɗauki matsakaiciyar hanya da rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, Zamfara ta biyo da Askarawa a Janairun 2024, amma irin makamin da za su riƙe dokar 1959 ce dai ke iyakance shi, yayin da a tarukan sulhu na 2025 aka ga 'yan bindiga sun halarta rataye da nasu a gaban hakimai da shugabannin ƙananan hukumomi.

Kafin zaɓen 2027 'yan takara za su zagaya Turawa da Yammedi da Zarewa da Fulatan, kowanne zai ce tsaro ne farkon abin da zai sa a gaba. Maganar ba ta da kuɗi, domin ba a iya kama mai ita da saɓa alkawari. Da limamai da ƙungiyoyin manoma da na masunta da shugabannin Fulani na mazaɓar za su tambaye shi a bainar jama'a ko zai nemi a riƙa wallafa lissafin ma'ajiyar makaman gwamnati kowace shekara, ko zai kawo gyaran hukuncin masu safarar harsashi, ko zai nemi a kaɗa ƙuri'ar waɗannan da suna, da an samu abin da za a tuhume shi da shi bayan shekara huɗu, tun da takardun zaman majalisa na kullum suna ɗauke da sunan wanda ya gabatar da kowane ƙudiri da ranar da ya gabatar.