Nisa Dabam, Lokacin Tafiya Dabam

Ma'aikacin da aka tura aiki wata jiha yakan ɗauka cewa da zarar ya sami tikitin jirgin sama, to tafiya ta zo da sauƙi. Amma wanda ya saba zirga-zirga tsakanin ƙananan filayen jiragen sama na jihohin Arewa ya san cewa lissafin ba haka yake ba kullum.

Mu ɗauki Kano zuwa Maiduguri. A miƙe ta sama, nisan kusan kilomita 500 ne, ta hanyar mota kuwa, wadda ta bi ta Potiskum da Damaturu, ya doshi kilomita 600. Jirgi mai farfela irin ATR 72 yana gudun kimanin kilomita 500 a awa, watau cikin awa ɗaya da 'yan mintoci ya isa, alhali mai mota sai ya shafe yawancin yininsa a hanya. A nan babu gardama, jirgi ya ci riba.

To amma sai a dubi Kano zuwa Katsina, inda nisan ta sama bai wuce kilomita 150 ba. Ɗalibin da ya raba nisa da gudu zai ce tafiyar minti 18 ce. Lissafinsa daidai ne a takarda, sai dai jirgi ba ya tashi da cikakken gudunsa. Sai ya gangara a hankali zuwa titin tashi, ya jira izini daga hasumiya, ya hau sama, kuma kafin ya gama daidaita, lokacin fara sauka ya yi. Waɗannan mintoci kusan ɗaya ne ko tafiyar gajera ce ko doguwa. A haɗa da zuwa filin jirgi awa guda kafin tashi, da bincike, da jiran kaya, da shiga gari bayan an sauka, sai a tarar wanda ya hau mota daga tasha ya riga mai jirgi shan ruwa a Katsina.

Iska ma tana da nata hukunci. Jirgin da ke fuskantar iska mai gudun kilomita 50 a awa, wannan hamsin ɗin daga gudunsa za a cire, shi ya sa lokacin zuwa da na dawowa sukan bambanta. A lokacin hunturu kuwa, idan hazo ya rufe sararin sama, filin da ba shi da na'urorin da ke jagorantar matuƙi wajen sauka sai a jinkirta tashi zuwa can, ko a soke shi ɗungum.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne rashin jirgi kai tsaye. Fasinjan Maiduguri da aka ce sai ya bi ta Abuja, tafiyarsa ta kilomita 500 ta haura 1,000 ke nan, ban da zaman jiran jirgi na biyu.

Wannan bai sa a ce gajeriyar tafiya ta sama ba ta da amfani ko'ina ba. A tsibiran Orkney na ƙasar Sikotland, kamfanin Loganair ya fara jigila tsakanin Westray da Papa Westray tun 1967, nisan da bai kai kilomita 3 ba, tafiyar da ba ta cika minti biyu. Teku ce ta raba tsibiran biyu, kuma babu gada a tsakaninsu.