Araha Ba Ta Ado: Hattara da Gyaran Gida Gabanin Kirsimeti

Da zarar an gama kaka, gero ya shiga rumbu, an kai wake da gyaɗa kasuwa, sai hankalin magidanta a Matamaye da ƙauyukan gundumar Kance ya koma kan gida. Disamba wata ne na hidima. Ranar 18 ga wata bikin Jamhuriya, ranar 25 Kirsimeti, wanda da yawa a nan ke kira Nowel, bayan mako guda kuma sabuwar shekara. A tsakani ga ɗaurin aure ko ta ina, don sai kuɗin amfanin gona ya shigo hannu yawancin iyaye ke aurar da ƴaƴa.

Kiristoci ba su da yawa a Nijar, ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Amma sun daɗe a jihar nan ta Damagaram, tun da mishan ta SIM ta fara aiki a birnin Damagaram a 1924, kuma Kirsimeti ranar hutu ce ga kowa. Kirista na gyara falo saboda baƙin da za su biyo shi gida bayan an taso daga majami'a, maƙwabcinsa Musulmi na shafe ɗakin da za a yi wa amarya jere. Magini ɗaya suke kira, shago ɗaya suke sayen fenti, sau da yawa katanga ɗaya ce tsakaninsu. Don haka wannan jan kunne na kowa ne.

Kuskuren da aka fi yi shi ne juya aikin baibai. A fara da abin da baƙo zai gani, wato fenti, labule da fitilu masu ƙyalli, kuɗi ya ƙare ba a taɓa abin da ke riƙe da rayukan mutanen gida ba. Tsarin da ya dace shi ne bango da rufi tukuna, sai waya, sai fenti, ado ya zo ƙarshe.

Bango da rufi

Ba mu manta da daminar 2024 ba. Sama da mutum 300 suka rasu a Nijar, sama da miliyan ɗaya ambaliyar ta shafa, kuma da yawa daga cikin mamatan ba ruwa ne ya tafi da su ba, gini ne ya faɗa musu. A farkon Satumban shekarar tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Ginin ƙasa yana da ƙarko matuƙa, amma da sharaɗi: a riƙa kula da kansa da ƙafarsa kowace shekara.

Kafin ka sayi gwangwanin fenti ko ɗaya, zagaya ɗakin ta waje. Dubi gindin bango. Idan ƙasa ta zaizaye ya rame daga ƙasa, ko akwai tabon danshi da farin gishiri-gishiri, ruwa na kwanciya a wurin. A cike, a ɗaure gindin, a yi wa ruwa hanya. Hau soro ka duba indararo, ko ya toshe, ko ya gajarta har yana zuba a jikin bango. Sannan ka shiga ciki ka ɗaga kai. Ɗauki ƙusa ka soki azara ɗaya bayan ɗaya, musamman bakin da ya shige cikin bango. Azara mai lafiya ba ta karɓar ƙusa. Wadda gara ta ci kuwa ƙusar za ta nutse ba wuya, garin itace ya zubo maka a hannu, alhali daga waje sumul take. Siririyar hanyar ƙasa da ke hawa bango ita ce shaidar gara na ciki.

Tsagewa ma iri-iri ce. Ƙananan tsage-tsage na saman yaɓe ba abin tsoro ba ne. Amma wadda ta taso daga kusurwar ƙofa ko taga ta yi gicciye, ko wadda ta raba bango biyu a inda suka haɗu, sai an kira magini. Liƙe ta da siminti a shafa fenti ɓoye cuta ne kawai.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta yaɗu, ta shafe bangon ƙasa da siminti kai tsaye. Ƙasa da siminti ba sa kama juna sosai. Danshi ya shige tsakani ya rasa mafita, bangon na jiƙa a ɓoye, wata rana ɓawon simintin ya ɓalle gaba ɗaya. Ƙwanƙwasa da ɗan yatsa: inda ya yi amo kamar fanko, ya riga ya saki. Maginan da suka yi gidajen Birni masu zane sun san abin da ya sa suke yaɓe da ƙasa mai ciyawa, su bi da makuba. In kuwa dole sai siminti, a sa wayar raga ta riƙe shi, kuma a yi ta ba shi ruwa safe da yamma har mako guda, don iskar hunturu na busar da shi tun bai yi ƙwari ba.

Mai zaman haya kada ya taɓa bango ko rufi sai sun yi magana da mai gida a gaban shaida, an san wa zai biya me.

Fenti da gubar dalma

Wannan shi ne haɗarin da mutane suka fi rashin sani. Wasu masu haɗa fenti na sa dalma don launi ya yi kyau ya kuma bushe da wuri. An fi samunta a fentin mai, irin wanda ake shafa wa ƙofa, taga, gadon ƙarfe da kujeru, musamman rawaya, ja, ruwan lemo da kore. Amurka ta haramta irin wannan fenti a gidaje tun 1978, kuma ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke kira ga ƙasashe su bi shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Amma gwangwanin da ba suna, ba adireshin kamfani, ko wanda aka ɗura a robar ruwa ana sayarwa awo-awo, wa ya auna shi?

Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da dalma ke yi a 2010, lokacin da yara aƙalla 400 suka mutu saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ta fenti ba ta kisa da sauri haka, a hankali take ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ɗan adadin dalma da aka sani marar illa a jikin yaro. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta, ta jawo ƙarancin jini, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Yaron da ke rarrafe yana kai hannu baki shi ya fi kowa shiga haɗari, sai mai juna biyu.

Lokacin gyara ne gubar ke tashi, sa'ad da ake kankare tsohon fenti. Saboda haka a fitar da yara da masu ciki daga sashen har a gama. A jiƙa wurin kafin a kankare, kada a goge shi a bushe, kada kuma a ƙona shi. A share da jiƙaƙƙen tsumma, ba da tsintsiya ba. Mai aikin ya wanke hannu kafin ya ci abinci, ya canza tufa kafin ya ɗauki yaro. Ga bangon ciki, fentin ruwa ko farar ƙasa sun wadatar. Ɗakin da aka shafa wa fentin mai a bar shi a buɗe kwanaki har warin ya fita, kuma kada a kunna ashana kusa da man da ake sirka shi, balle in da fetur aka sirka.

Waya da fitilu

Fitilun ado da ke cika kasuwa a Disamba yawancinsu masu arha ne, wayarsu siririya, robarta na tsagewa in an lanƙwasa. Wa bai taɓa ganin an yanke kan fulogi an cusa tsirarar waya biyu a soket, an danne da tsinken ashana ba? Ko an haɗa waya da waya an naɗe da baƙar leda? Nan ne tartsatsi ke tashi. Kuma ina ake rataya fitilun? A jikin labule, a kan bishiyar roba, a bakin rumfar zana. A hunturu komai ya bushe ƙayau, iska na kaɗawa, minti kaɗan ya ishi wuta ta tsallaka gidan maƙwabci.

Lissafin ba wuya. Kuran, wato wutar lantarkin kamfanin Nigelec, na zuwa da ƙarfin bolt 220. Soket mai baki da yawa da aka rubuta wa amfiya 10 iyakar ɗaukarsa wat 2,200, mai arha ma ba ya kai haka. Dutsen guga kaɗai na cin wat 1,000 ko fiye, abin dafa ruwa na kai 2,000. Haɗa su wuri ɗaya da firji da amsa-kuwwa, waya ta yi zafi ta narke. Taɓa fulogi bayan rabin awa. Idan ya yi zafi, ko ka ji ƙaurin roba, cire. Fitilun LED sun fi dacewa, don ba sa cin wuta kuma ba sa zafi sosai. Kada waya ta bi ƙarƙashin tabarma ko darduma. A kashe komai kafin a kwanta da kafin a tafi addu'ar dare. In an ɗauke wuta a zare kaya, don dawowarta da ƙarfi na ƙona su. Mai sola ma ya tabbata akwai fis tsakanin batir da sauran waya. Kyandir a kafa shi a kwano mai yashi, nesa da labule da gidan sauro. Jarkar fetur da tukunyar gas kuwa ba su da wuri a ɗakin kwana.

Iska

Mai gyara ɗaki a lokacin sanyi yakan toshe kowace kafa, har ƴar tagar sama. Sai dare ya yi a shigo da kaskon gawayi, ko a tura janareta cikin zaure don tsoron ɓarayi. Dukansu na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai, jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba ya farkawa. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai lokaci guda, a fito da su sarari, a buɗe ƙofa da taga, a nufi asibiti. Janareta waje yake zama, nesa da taga. Garwashi a fitar da shi kafin a rufe ƙofa.

In tsautsayi ya auku

Wanda ya ƙone a yi ta zuba masa ruwa mai sanyi mai tsabta na minti 20, ba man goge baki, ba ƙwai, ba baƙin mai, sannan a rufe da tsabtataccen ƙyalle a kai shi likita. Wanda kuran ya kama kada a taɓa shi da hannu, a kashe mita ko a ture wayar da busasshen icce. Wutar mai ko ta lantarki ba a zuba mata ruwa, yashi ake watsawa, don haka a ajiye bokitinsa kusa. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, amma a ƙauye maƙwabta ne ke fara isowa. Ƙaramin batir mai faɗi na cikin kayan wasa da fitilu, in yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa biyu. A garzaya asibiti ko da yaron na wasansa. Abin fashewa na wasan yara kuma a hana kunna shi kusa da rumbu, zana ko tarin harawa.

Wanda kuɗinsa ba zai kai ga komai ba bana, ya sauya azara ya gyara waya, ya shafa farar ƙasa, fentin mai ya jira baɗi. Shugabannin majami'u, limamai da masu unguwa su faɗi wannan a wuraren taruwa tun farkon Disamba, kafin mutane su kashe kuɗinsu. Allah ya kai mu bukukuwan lafiya, ya tsare gidajenmu da na maƙwabtanmu.