Katin ragin kuɗin jirgin ƙasa: Yaushe ne riba, yaushe ne asara ga ɗan ci-rani?

Babu tashar jirgin ƙasa a Dogon Kiriya, babu a Dogon Dutsi, babu a Tibiri. Duk wanda zai yi doguwar tafiya daga wannan yanki na ƙasar Arewa, cikin jihar Doso, sai ya gangaro Dutsi ya shiga babbar mota a kan hanyar ƙasa mai lamba 1, ko dai ya yi yamma zuwa Doso da Yamai, ko ya yi gabas zuwa Birnin Konni da Maraɗi.

Layin dogon da aka sa wa rai shi ne na Yamai zuwa Doso, mai tsawon kimanin kilomita 140, wanda kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa. An ƙaddamar da aikin a watan Afrilun 2014 zamanin Shugaba Mahamadou Issoufou, aka yi bikin buɗe shi a Janairun 2016. Niyyar ita ce a haɗa shi da layin Benin har zuwa Kwatano, amma shari'ar da ɗan kasuwar Benin Samuel Dossou ya shigar kan haƙƙin aikin ta tsayar da komai, kuma layin bai taɓa yin jigilar fasinja ta yau da kullum ba.

Saboda haka yawancin matasan yankin a waje suke fara shiga jirgin ƙasa: ɗan biɗa a Legas, ɗalibi a Faransa, ma'aikaci a Jamus ko Ingila. A can ne kuma ake tallata musu katin da aka ce yana rage kuɗin tafiya. Batun ya shafi na gida kai tsaye, domin kuɗin katin daga aljihun da ake aiko da na hatsi da na magani yake fita. Yuro ɗaya tsayayye ne a kan sefa 655.957, ke nan katin Yuro 49 ya haura jika 32.

Kati iri uku ne

Kafin a zo ga lissafi, akwai ruɗanin da ke sa mutane asara, wato ɗaukar kowane katin jirgi a matsayin katin ragi. Iri uku ne, kuma kowane da aikinsa.

Na farko katin biya ne kawai. Misalinsa katin Cowry na jihar Legas, wanda ake zuba wa kuɗi a shiga motocin BRT da jirgin Blue Line da ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Marina da Mile 2 ranar 4 ga Satumban 2023. Ragin rabin kuɗi da fasinjoji suka samu a lokacin, gwamnatin jihar ce ta yi shi bayan cire tallafin man fetur, daga baya kuma ta rage shi. Katin kansa jaka ce ta ajiye kuɗin mota.

Na biyu katin wata ne: ka biya sau ɗaya, ka yi ta shiga har watan ya ƙare. Deutschlandticket na Jamus shi ne ya fi suna. Ya fara a watan Mayun 2023 a kan Yuro 49, ya koma 58 a Janairun 2025, sannan 63 a Janairun 2026.

Na uku shi ne ainihin katin ragi. Ana sayensa na shekara ɗaya, ba ya kai mutum ko'ina shi kaɗai, sai dai duk tikitin da aka saya da shi a sauke wani kaso na kuɗinsa. A nan ne Carte Avantage na kamfanin SNCF a Faransa, da BahnCard na Deutsche Bahn a Jamus, da Railcard na Ingila suke.

Lissafin da ke raba gardama

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfani yana karɓar kuɗin kati tun a ranar farko, ko mai shi ya yi tafiya ko bai yi ba, kuma wanda ya riga ya biya yakan ji nauyin shiga motar wani kamfanin ko da ta fi araha. Fasinja kuwa ba ya fara cin riba sai ragin da ya tara ya zarce kuɗin katin.

Hanyar gano wannan mai sauƙi ce: a raba kuɗin katin da kason ragin. Abin da ya fito shi ne adadin kuɗin tikitin da dole mutum ya kashe a shekara kafin uwar kuɗinsa ta dawo.

Carte Avantage, a farashin 2025, Yuro 49 ne a shekara, yana sauke kashi 30 cikin ɗari a jiragen TGV Inoui da Intercités. Sai an sayi tikitin kimanin Yuro 163, wato wajen jika 107, kafin katin ya fanshi kansa.

BahnCard 25 na aji na biyu Yuro 62.90 ne, ragin kashi 25 cikin ɗari. Sai tikitin shekara ya kai kusan Yuro 252. Masu ƙasa da shekara 27 suna da nasu mai rahusa, My BahnCard, don haka tasu uwar kuɗin ta fi saurin dawowa.

Railcard na masu shekara 16 zuwa 25, da na masu 26 zuwa 30, ya koma fam 35 daga fam 30 a watan Maris na 2025, yana sauke kashi ɗaya bisa uku. Tikitin fam 105 ya isa, abin da doguwar tafiya biyu ko uku kan iya cikawa.

A ɗauki misalin ɗalibai biyu a birnin Lyon, a ce kowace tafiya zuwa Paris Yuro 50 ce. Na farko sau biyu yake zuwa ya dawo a shekara, jimilla Yuro 200. Ragin da zai samu 60 ne, a cire 49 na kati, saura 11. Na biyu sau shida yake zuwa ya dawo, jimilla Yuro 600. Ragi 180, a cire 49, saura 131, kusan jika 86. Kati ɗaya ne, farashi ɗaya, amma na farko in ya fasa tafiya ɗaya kacal ya faɗi, na biyu kuwa ya samu abin aikawa gida.

Sharuɗɗan da talla ba ta faɗa da ƙarfi

Lissafin da ke sama yana tsayawa ne idan ragin ya hau kan tafiyar da mutum yake yi da gaske. A nan ne ake yawan tuntuɓe.

A Faransa, Carte Avantage na matasa masu shekara 12 zuwa 27 da na dattawa daga 60 suna aiki kowace rana. Na manya, masu shekara 27 zuwa 59, yana da ƙa'ida: sai tafiyar zuwa da dawowa ta haɗa da kwanan daren Juma'a, Asabar ko Lahadi, ko a yi tafiyar ranar Asabar ko Lahadi, ko kuma a tafi da yaro. Mai aikin gadi ko gidan abinci da ke aiki ƙarshen mako, hutunsa Talata, in ya je Paris da safe ya dawo da yamma, katin bai sauke masa komai ba. Haka kuma katin ba ya aiki a jiragen Ouigo masu araha, a jiragen TER na cikin yanki kuwa ya danganta da yankin.

A Jamus tarkon yana ga BahnCard 50, mai Yuro 244 a aji na biyu, wajen jika 160. Sunan yana nuna rabin kuɗi, amma rabin yana kan tikitin Flexpreis ne kawai, wato mai tsada da ke ba mutum damar shiga kowane jirgi a ranar. A kan tikitin rahusa na Sparpreis, wanda ake saya tun da wuri, kashi 25 yake saukewa, daidai da ƙaramin katin. Tazarar farashin katunan biyu Yuro 181 ce, don haka sai mai kashe fiye da Yuro 720 a tikitin Flexpreis a shekara babban katin zai fi wa amfani.

A Ingila, mai katin 16 zuwa 25 da ya shiga jirgi kafin ƙarfe 10 na safe a ranakun aiki yana da mafi ƙarancin abin biya, fam 12, ban da watannin Yuli da Agusta. Mai gajeriyar tafiya zuwa aiki ko makaranta kowace safiya ba zai ga wani ragi ba.

Deutschlandticket kuma, duk da yana shiga motocin gari da jiragen ƙarƙashin ƙasa da na yankuna a faɗin Jamus, ba ya shiga manyan jiragen sauri na ICE. A kan Yuro 63 a wata, shekara ta tashi 756, kusan jika 496. Ga mai zuwa aiki da jirgi kullum wannan rahusa ce. Ga wanda ke zuwa aiki da keke ko a ƙafa, kuɗi ne ke zuba kowane wata. Ɗalibai su fara tambaya a jami'arsu, domin jami'o'i da dama suna haɗa tikitin cikin kuɗin zango a kan kashi 60 cikin ɗari na farashinsa, kar mutum ya biya sau biyu.

Katin da ke sabunta kansa

BahnCard ba ya mutuwa da kansa in shekara ta cika. Yarjejeniya ce mai sabunta kanta, sai in mai ita ya soke kafin wa'adi. Har na gwaji mai wata uku, in ba a soke ba, yana rikiɗewa ya zama na shekara. Deutschlandticket shi ma haka yake, sai an soke zuwa ranar 10 ga wata idan ba a son biyan na gaba. Wanda ya zo gida Dogon Kiriya hutun wata uku bai soke ba, zai koma ya tarar an cire masa Yuro 189 a tafiyar da bai yi ba. In kuma asusun babu kuɗi, takardun neman bashi ne za su biyo baya.

Tun watan Yunin 2024 Deutsche Bahn ya daina ba da BahnCard 25 da 50 na roba. Sai an buɗe asusu da adireshin imel, katin ya zauna cikin manhajar kamfanin a wayar salula.

Akwai kuma abin da ya saɓa da al'adar gida, inda ɗan'uwa kan ari babur ko waya ba tare da wani dogon zance ba. Waɗannan katunan da sunan mutum ɗaya suke, mai duba tikiti kuma yana da ikon neman takardar shaida. Wanda aka kama da katin wani tara zai biya, kuma ga baƙon da takardun zamansa ke hannun hukuma, shiga irin wannan rikici a kan ƴan Yuro kaɗan bai dace ba.

Inda katin ke rufa asiri

Duk da haka akwai tafiyar da kati ke yi wa rana, ita ce ta gaggawa. Rasuwa ba ta sallama, haka kiran ofishin jakadanci kan fasfo, ko tarbar baƙo a filin jirgin sama. Tikitin da aka saya ana gobe tafiya shi ne mafi tsada, rahusar masu saye da wuri ta riga ta ƙare.

Carte Avantage yana da rufin farashi a aji na biyu, kan tafiyar da babu canjin jirgi. Tun ƙarshen Agustan 2023, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya da rabi ba ba ta wuce Yuro 49, mai kaiwa awa uku ba ta wuce 69, wadda ta fi haka 89. Paris zuwa Lille na rukunin farko, zuwa Lyon na biyu, zuwa Marseille na uku. Ga wanda ƴan'uwa suka warwatsu a garuruwa, kuma shi ake kira duk lokacin da wani abu ya taso, tafiyar gaggawa biyu kan iya mayar da kuɗin katin. Sharaɗin ranaku na katin manya yana nan a kan wannan ma.

Abin yi kafin a saya

Mafi aminci shi ne mutum ya buɗe wayarsa ya ƙirga tikitocin da ya saya cikin wata 12 da suka wuce, ya ajiye batun tafiye-tafiyen da yake fatan yi. Daga ciki ya cire waɗanda katin ba zai taɓa ba: na Ouigo, na motocin FlixBus, na haɗa kuɗin mai ta BlaBlaCar, da waɗanda suka faɗo ranakun da sharaɗi ya hana. Abin da ya rage a kwatanta shi da adadin fansar kati, 163 ko 252 ko 105. In ya zarce da tazara mai kyau, a saya. In suna kunnen doki, a haƙura, domin tafiya ɗaya da aka fasa ta isa ta mayar da ribar asara.

Sabon zuwa kuma ya jinkirta har ya san garin da zai zauna da irin aikin da zai yi. Katin bai kamata a saye shi ba sai ranar da za a sayi babban tikiti na farko, tunda shekararsa daga ranar da aka zaɓa take fara ƙirguwa. SNCF da Deutsche Bahn kuma sukan karya farashin katunansu lokaci-lokaci. Wanda ya saya ya sa ranar sokewa a wayarsa tun a ranar.

Lissafin zai iya matsowa kusa da gida. Layin Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021 kuma kamfanin Mota-Engil ke ginawa ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, an tsara shi don kaya da fasinja. In ya fara aiki aka zo da katin ragi, ɗan kasuwar da ke zirga-zirga kowane mako da ɗan biɗar da ke fita sau ɗaya bayan girbi ya dawo kafin shuka ba za su samu amsa ɗaya ba. Na farko zai iya fanshe katin cikin wata guda, na biyu kuwa tikiti biyu kawai yake saye a shekara.