Fetur, gawayi da itace: inda ribar kaji da kifi ke zurarewa a gidajenmu



Duk wanda ya zo neman shawarar fara kiwo, lissafi uku za ka gani a takardarsa: kuɗin 'yan tsaki ko 'ya'yan kifi, kuɗin abinci, sai magani da rigakafi. Da wuya ka ga wanda ya rubuta fetur, gawayi da itace. Su kuwa waɗannan ba sa fita a dunƙule balle mutum ya ji zafinsu. Yau lita biyu, gobe gawayin ɗari biyar, jibi a aiki yaro ya ƙaro itace. Sai ran da aka kwashe kaji aka zauna da biro, a ga kuɗi sun shigo amma riba ta yi ɓatan dabo, a ɗora wa mai sayar da abinci laifi.

Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin 2024 ta ƙare ta tsallake 1,000 a wurare da yawa. Irin kiwon da yawancinmu muka koya kuwa a zamanin mai arha aka tsara shi, kuma har yau shi muke yi.

Mu yi lissafi. Ƙaramin janareta yana shan rabin lita ko fiye a awa ɗaya. Ka kawo 'yan tsaki 200 a cikin hunturu, kana tayar da shi awa 10 kowane dare don ƙwayayen lantarki su ba su ɗumi, har mako uku. Lita 105 ke nan, ban da baƙin mai, ban da kuɗin gyara. Wato kowane ɗan tsako ya sha maka fiye da rabin lita tun bai kai rabin girmansa ba. Ka tambayi farashin yau a gidan mai a Jega, ka ninka da kanka.

To, ina mafita? Ɗan tsako a makon farko yana son ɗumi tsakanin digiri 32 zuwa 35, a riƙa ragewa da kamar digiri 3 duk mako har gashinsa ya cika. Wannan babu makawa. Abin da ke da makawa shi ne girman wurin da kake ɗumamawa. Ɗaki mai mita 4 tsawo, 4 faɗi, 3 tsayi yana ɗauke da iska kubik mita 48. 'Yan tsakinka a ƙasa suke, tsayinsu bai kai tafin hannu ba, zafi kuma sama yake gudu ya fice ta kwano. Ƙadangarun rufi kake yi wa hidima. Idan ka kewaye su da kwali mai tsayin gwiwa, ka yi da'ira don kada su taru a kusurwa su danne juna, sannan ka ɗaura buhuna ko tamfol a samansu kamar ƙaramar rumfa mai mita 2 da 2, tsayi mita ɗaya da rabi, iskar da za ka ɗumama ta koma mita 6. Kashi ɗaya cikin takwas. Wurin zai ɗauki 'yan tsaki 150 zuwa 200 a kwanakin farko, kana buɗa kwalin suna girma.

A irin wannan rumfa tukunyar ƙasa ta fi kurfoti nesa ba kusa ba. Ƙarfe yana ɗaukar zafi da sauri ya sake shi da sauri, yumɓu kuwa yana riƙewa ya riƙa saki a hankali, har bayan garwashi ya mutu. Ka ɗora ta kan bulo, nesa da buhunan rumfar, ka kewaye ta da waya don kada su ƙone. Ka rufe rabin garwashin da toka, zai daɗe.

Amma a nan sai na ja kunne, don maganar rai ce. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. A waje ake hura shi, sai ya kama ja hayaƙi ya ƙare a shigo da shi. Kuma dole a bar kafa a sama inda iska za ta fita, komai sanyi. Masu toshe kowace kafa da leda su ne ke wayar gari su tarar da 'yan tsaki a kwance, su ce cuta ce ta zo da su daga kamfani. Kada kuma a bar yaro ya kwana a rufaffen ɗaki da garwashi wai yana gadin kaji. Abin da ke kashe ɗan tsako yana kashe mutum.

Ma'aunin zafi yana da amfani, amma su kansu 'yan tsakin sun fi shi gaskiya. In sun dunƙule jikin tukunya suna kuka, sanyi suke ji. In sun gudu gefe sun buɗe baki suna haki, zafi ya yi yawa, gawayinka kake ƙonawa a banza. In duk sun koma ɓangare ɗaya, iska na shigowa ta wata kafa. In sun bazu suna ci suna sha, ka je ka kwanta. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40 a nan yankinmu, za ka ga mutum ya hura gawayi da azahar saboda takardar da ya karanta ta ce mako uku. Wanda ya rubuta takardar bai taɓa yin bazara a Maiyama ba. A wannan lokaci ɗumin asuba kaɗai suke bukata, wani daren ma babu.

Ga masu 'yan tsaki kaɗan, musamman iyayenmu mata masu Noiler 20 ko 30 a cikin gida, akwai dabarar da aka gwada a kwalejin noma ta Jimma a ƙasar Habasha: akwatin katako mai bango biyu, a cusa busasshiyar ciyawa a tsakani, a yi masa ƙananan ƙofofin iska. Da dare a zuba su ciki, ɗumin jikinsu ne ke ɗumama su, babu wuta ko kaɗan. Da rana a fito da su cikin keji su ci abinci. Sharaɗinsa kada a cika shi fiye da kima, kuma ciyawar ta zama busasshiya.

Maganar haske gajeriya ce. Tunda ɗumi ya koma wurin tukunya, babu dalilin tsohon ƙwai mai wat 60 ko 100. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken mai 60. Kajin ƙwai suna son haske kamar awa 16 a yini, rana tana ba mu wajen 12 kyauta duk shekara, saura 4. Biyu kafin asuba, biyu bayan magariba, fitilar sola mai caji ta isa. Barin wuta har safe ba ya ƙara ƙwai, yana ma iya jawo su fara tsattsagar juna.

Idan bazara ta shigo matsalar ta juye. Kaza ba ta gumi, da haki take fitar da zafi, kuma in zafi ya yi yawa sai ta rage ci, ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi, manyan kajin nama su fara faɗuwa. Kafin ka yi tunanin fanka, duba ginin. Dogon ɓangaren ɗaki ya miƙe daga gabas zuwa yamma, don rana ta bi ta kan rufi maimakon ta shiga ta gefe. Gefen ya zama waya, ginin bulo kada ya wuce gwiwa. Kwano kuma a lulluɓe shi da zana ko karan dawa, ko a shafa masa farar ƙasa. Kakanninmu da suka yi jinka ba talauci kaɗai ya sa su ba. Wanda bai gina ba tukuna, wannan kyauta zai same shi, tsayawa ne kawai a kan magini lokacin fitar da tushe. Ruwan sha ma haka: baƙin tanki a tsakiyar rana shayi yake dafawa kaji. A yi masa rumfa, a binne fayif, a ba da abinci da sassafe da kuma yamma lis.

Mu koma kan kifi. A nan famfo ne ke cin kuɗi. Tafkin tamfol mai mita 2 da 2, ruwa mita ɗaya, lita 4,000 ne. Da yawa suna zubar da shi duka su sake cikawa, wasu kullum. Alhali dattin, wato kashi da ragowar abinci, a ƙasa yake kwanciya. In mafitar ruwanka daga ƙasa take ja, ko ka sa tiyo ka zuƙe gindin, sau da yawa canza kashi ɗaya cikin uku ya wadatar, sai dai in kifin ya girma ya yi yawa ko ruwan ya fara wari. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska daga sama, shi ya sa ta fi karfasa haƙuri, amma kada a mai da haƙurinta hujjar barin ta cikin ƙazanta. Babban abin da ke ɓata ruwa da wuri shi ne abincin da ya wuce kima. Wanda bai ci ba asara biyu ce: ka saye shi da kuɗi, ka kuma sayi fetur ka wanke shi.

Ka tayar da inji sau ɗaya ka cika tankin sama, ruwa ya riƙa gangarowa da kansa. Siririn fayif da yawan lanƙwasa suna wahalar da famfo, ya daɗe yana aiki ruwa kaɗan na fita. Ruwan da ka zubar kuma taki ne. A ƙasar da Aliero ta yi suna da albasa, abin kunya ne a ga ruwan kifi na bin kwata yana haɗa mutum faɗa da maƙwabta. 'Yan kwamin albasa, alayyafo ko zogale a bayan tafki, fetur ɗaya ya yi aiki biyu.

Wajen banda ne itace ke ƙarewa. Kilo 3 zuwa 4 na ɗanyar tarwaɗa ke komawa kilo ɗaya in ta bushe sosai, sauran duk ruwa ne, kuma itacenka ne ke korar shi. A buɗaɗɗen murhu na rabin duro da waya ɗaya, yawancin zafin iska ke kwashewa. Tun 1969 aka samo maganin wannan a unguwar masunta ta Chorkor a birnin Accra na ƙasar Ghana, da haɗin gwiwar hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, da cibiyar binciken abinci ta ƙasar. Murhu ne na ginin ƙasa mai kusurwa huɗu da ƙaramar ƙofar wuta, sai faifan waya masu firam ɗin katako a jera su ɗaya kan ɗaya, a rufe na sama. Zafin da ya ratsa na ƙasa shi zai gasa na bisansa, ana sauya musu wuri lokaci-lokaci. Magini da kafinta na gari za su yi maka shi. Kafin ka ɗora kifi, bar shi ya tsane a inuwa mai iska, a rufe da raga saboda ƙuda. Itace kuma busasshe. Ɗanye rabin ƙarfinsa wajen busar da kansa yake tafiya. Roba, leda da katako mai fenti kada su kusanci murhun abin da mutane za su ci.

Kada mu manta waɗanda ke tsaye a kan hayaƙin nan mata ne, da goyo a baya. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta hayaƙin girki a gida yana kashe mutum kusan miliyan 3 a shekara. Kebbi kuma tana cikin jihohi 11 da ke bakin hamada. Duk wanda ya girma a Karayenmu ta nan, ba ta Kano ba, ya san nisan da ake yi yanzu kafin a samo itace.

Abin haushin, ga makamashi jibge a bayan injinan casa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 casa ta ƙaru a jihar nan, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne. Buhu mai kilo 100, ɓuntu kilo 20. Shimfiɗa ce mai kyau a ɗakin kaji, tana raba su da sanyin siminti, daga baya ta zama taki. Ana kuma babbaka shi a duro mai murfi ya yi baƙi ba tare da ya zama toka ba, a daka, a kwaɓa da kokon rogo, a dunƙule a shanya. Yana da toka da yawa, bai kai gawayin itace zafi ba, kada wani ya ruɗe ka. Amma yana ci a hankali, abin da tukunyar 'yan tsaki ke so ke nan.

Sola fa? Ina sonta, amma ba na ba mai farawa shawarar ya ci bashi ya sayi batir da inbata. Batir shi ne mafi tsada, shi ne kuma ke fara mutuwa, ga zafinmu yana rage masa kwana. Wanda bai rage bukatarsa ba zai sayi sola babba don ta ɗauki ɓarnarsa. Inda ta fi biya shi ne famfon da ke aiki kai tsaye da rana: ya cika tanki da hantsi, tankin ya zama batir ɗinka. Ɗumama 'yan tsaki da batir kuwa, manta da shi. In ka saka, ka riƙa goge gilashin, ƙurar hunturu tana rage masa ƙarfi sosai.

Ƙwai kuma ba sai da firji ba. Marigayi Mohammed Bah Abba, malamin da ya yaɗa randa cikin randa a ƙauyukan Jigawa, ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000 a kan wannan dabara: ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke janye zafin, don haka ta fi aiki a bazara da hunturu, da damina sai a hankali. Ka ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, ka jiƙa yashin safe da yamma, ƙwan ya zauna a bushe a ciki, tsininsa na kallon ƙasa. Allurar rigakafi dai kada a saka ta a randa. Ita ƙanƙara take so, daga shago har bakin kaza.